Maɗaci, mahoganin kudu ko sapele: wane katako zai yi gita ya jure hunturun Damagaram?

Wanda ya je wurin masu katako a Damagaram ya ce yana son na haɗa gita, abu biyu za a nuna masa: ga fari, ga ja. Farin ba shi da wuyar ganewa, ba nauyi, farce ma yana shigarsa. Rikicin duk yana cikin jan. Abin da ake kira jan katako ba itace ɗaya ba ne. A lodi guda da ya shigo daga Kano ta Ɗan Barto ko ta Magarya ana iya samun iri uku ko huɗu a cakuɗe, launi kusan ɗaya, amma hali ya sha bamban. Mai yin ƙofa ko gado bai cika damuwa da wannan ba. Mai yin gita kuwa dole ya damu, domin nan ne ake rabuwa tsakanin gitar da za ta shekara ashirin da wadda za ta tsage a hunturunta na farko.

Uku ne suka cancanci a tsaya a kansu, kuma a wajen masana tsirrai duk ƴan gida ɗaya ne, gidan da dogon yaro ma yake ciki. Akwai maɗacinmu, Khaya senegalensis, wanda aka shuka a bakin manyan hanyoyin garuruwanmu don inuwa. Akwai ɗan'uwansa na kurmi, Khaya ivorensis da makamantansa, da ke fitowa a dazuzzukan kudancin Najeriya da Gana da Kodebuwa da Kamaru, wanda ƴan kasuwa ke kira mahogani ko akaju. Shi za mu riƙa kira mahoganin kudu. Sai sapele, Entandrophragma cylindricum, wanda ya ɗauko sunansa daga garin Sapele na jihar Delta, tsohuwar tashar lodin katako. Mahoganin da ya yi suna a gitocin Amurka, wanda kamfanin Gibson ya yi jikin gitarsa Les Paul da shi tun 1952, kamfanin Martin kuma ya yi bayan gitarsa D-18 da shi, wani itace ne daban, Swietenia macrophylla, na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Tun 2003 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ido a kan cinikinsa, abin da ya ƙara tura manyan kamfanoni ga itatuwan Afirka. Ba za ka gan shi a kasuwarmu ba.

Iska ce ta farko

Katako ko ya shekara hamsin da sarewa bai daina shan danshi da fitar da shi ba. Iska ta jiƙe ya kumbura, ta bushe ya tsuke, kuma a faɗi yake wannan motsi, a tsawo kusan ba ya yi. Masana'antun gita suna aiki ne a ɗakin da danshin iska ke tsakanin kashi 45 da 50 cikin 100, inda ruwan da ke jikin katako yake tsayawa wajen kashi 8 zuwa 9 na nauyinsa. Mu kuwa a Fabrairu da Maris danshin iska yana sauka ƙasa da kashi 20, katako ya koma kashi 4 ko ƙasa da haka. Agusta ta zo, iska ta kai kashi 70, katako ya hau wajen kashi 13. Tazarar maki 9 ke nan, a hau a sauka, kowace shekara.

A yi lissafi da bayan gita mai faɗin santimita 40. Mahoganin kudu da aka yanka daidai yana motsa kusan kashi 0.15 cikin 100 a kowane maki, wato wajen milimita 5 tsakanin Maris da Agusta. Sapele mai yanka iri ɗaya ya kai milimita 6. Sapelen da aka yanka a kwance kuwa sai ya kai milimita 9. To, wannan allon ba sake yake ba. An manne shi da matokarai da suka gitta shi ta ciki, waɗanda ba sa motsi a tsawonsu, an kuma manne bakinsa da gefen gita. Idan ya so tsukewa ya rasa hanya, da farko tudunsa ya kwanta, daga nan ya loɓa ciki, daga nan ya tsage bin jijiya.

Shi ya sa yadda aka yanka katako ya fi sunansa muhimmanci. Ka dubi kan allon, inda zarto ya gitta. Idan layukan girman itacen suna tsaye, sun taso daga wannan fuska zuwa waccan, yankan tsaye ne, shi ake so. Idan suna kwance ko sun yi baka, yankan kwance ne: ya fi motsi kusan ninki ɗaya da rabi, kuma yana lanƙwashewa. Masu injin tsaga sun fi fitar da na kwance saboda ya fi riba, amma a kowane gungume allunan da suka bi ta kusa da tsakiya sukan fito a tsaye. Sai an bi lodi da haƙuri ana juyawa. Ka ce, “Alhaji, a yi mini haƙuri in duba kawunansu,” ka kuma yarda da ɗan ƙarin kuɗi a kan wanda ka zaɓa.

Yadda za ka raba su a hannu

Ka zo da reza sabuwa. Ka fere ɗan wuri a kan allon har ya yi sumul, ka shafa masa ruwa kaɗan, ka kai shi haske. A sapele za ka ga siraran layuka masu haske, jere kusa da juna, suna bin zagayen itacen, kuma inda ka fere zai tashi da ƙamshi irin na fensir da aka fiƙe. A fuskarsa, in yankan tsaye ne, akwai ratsi-ratsi dogaye, wani mai duhu wani mai haske, faɗin yatsa ko ƙasa, waɗanda ke sauya wuri idan ka karkata allon. Jijiyar itacen ce take murɗawa dama na wasu shekaru, ta koma hagu na wasu. Mahoganin kudu ba shi da ƙamshi, launinsa ja ne mai haske da ke duhu da shan iska, ƙofofinsa manya ne ana ganinsu da ido, wasu cike da baƙin ƙaro, kuma waɗannan layuka masu haske ba kasafai suke fitowa a jere ba. Maɗaci ya fi su duhu, ja mai ɗan shunayya, ya fi su cika hannu.

Ma'auni ya fi ido gaskiya. Allo busasshe mai tsawon mita 1, faɗin santimita 20, kaurin santimita 5, idan mahoganin kudu ne zai yi kilo 5 zuwa 6. Sapele kilo 6 da rabi zuwa 7. Maɗaci kilo 7 da rabi zuwa 8. Mahoganin Amurka wajen kilo 6 yake, saboda haka na kudu ne ya fi kusa da shi. Idan allo ya wuce nauyin jinsinsa sosai, ɗanye ne, ruwa kake saye.

Kowannensu da aibinsa. Mahoganin kudu yana da wata karaya ta ɓoye: siririn layi da ya gitta jijiya, wanda ke samuwa tun itacen yana tsaye iska na tanƙwara shi, ko lokacin da ya faɗi da ƙarfi. Ba a ganinsa a allon da ba a goge ba. Sai an share fuska an jiƙa an duba da haske ta gefe. Wuyan gita da ke da wannan layin zai iya karyewa ƙwas, ba gargaɗi. An fi samunsa kusa da cibiyar gungume, don haka a guji allon da cibiya ta ratsa. Haka kuma duk allon da ya fito daga inji fuskarsa na gashi-gashi, komai kaifin wuƙa, a bar shi: itacen ya girma ne a karkace, jijiyarsa a ɗame take, ana tsaga shi zai murɗe.

Aibin sapele jijiyar nan ce mai kyan gani. Abin fere katako ya bi ratsi ɗaya lafiya, a na kusa da shi ya ɓantaro. Maganinsa wuƙa mai kaifi sosai, cin kaɗan-kaɗan, a bi a karkace, sannan a ƙarasa da ƙarfen kankara da samfefa.

Maɗaci kuma aibinsa daga rayuwar da ya yi ne. Na kurmi yana tashi sambal mita da yawa kafin ya yi reshe, saboda yana neman haske a cikin duhuwa. Namu a fili yake, yana yin rassa tun daga ƙasa, gindinsa gajere, jijiyarsa a murɗe. Ga masu ɓare ɓawonsa don magani, ga masu sassabe ganyensa don dabbobi, ga ƙusa da waya da aka buga masa shekara da shekaru itacen ya haɗiye. Kowane rauni yana barin tabo a ciki. Allo mai kyau yana fita daga maɗaci, amma gajere, kuma sai an zubar da da yawa. Sannan a sani: maɗaci da madobiya da kirya, kamar gawo, suna cikin itatuwan da dokar gandun daji ta Nijar ta kare, ba a sare su sai da izini. Ko wanda iskar damina ta kayar, a fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji. A waje ma, madobiya ta shiga jeri na biyu na CITES, na jinsunan da ake sa ido a kan cinikinsu, tun farkon 2017, dangin maɗaci na Afirka suka bi ta a Fabrairun 2023, abin da ya shafi ƙetare iyaka da gungume ko tsagaggen katako.

Maganar sauti

Za ka ji ana cewa mahogani yana ba da murya mai ɗumi da cika a tsakiya, sapele kuma ya fi kaifi a sama. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin katako mai nauyi da tauri ba ya karɓar girgiza yadda mara nauyi yake karɓa. Amma girman bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A 1862 Antonio de Torres, mutumin Sifen da ya tsara siffar gitar zamani, ya haɗa wata gita da baya da gefe na takarda mai kauri, fuska kawai ya yi da katako mai kyau, kuma ta yi sauti. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. A 2018 masu bincike na jami'ar Lankasta a Ingila suka wallafa gwajin gitoci 6 masu tsari ɗaya na kamfanin Fylde, bambancinsu katakon baya da gefe kawai, har da mahogani da sapele da katakon Barazil mai tsadar gaske. Makaɗa 52 suka kaɗa su ba tare da sun iya ganin katakon ba. Makin da suka ba su ya zo kusan ɗaya, kuma da aka gwada ko za su iya gane wannan daga waccan, da ƙyar suka fi mai canka.

Fuska ce ke yin magana, ita da matokaranta. Ana yin ta da itacen sifurus na ƙasashen sanyi saboda ba shi da nauyi, allon awon nan namu kilo 4 da ɗan kai, amma yana da tauri bin tsawo. Wanda bai samu ba, a cikin ukun nan mahoganin kudu mara nauyi ne kaɗai ya dace da fuska. Martin yana da jerin gitoci mai lamba 15 da duk jikinsu mahogani ne har fuska. Muryar ba ta kai ta sifurus ƙarfi ba, amma a tattare take, kuma fuskar ta fi jure bugu. A sa kaurinta wajen milimita 2.5 zuwa 2.8. Fuskar maɗaci kuwa kada a ɓata lokaci, tsirkiya ba ta da ƙarfin girgiza nauyinsa. A gitar lantarki ma maganar ta fi sauƙi: maganaɗisun ɗaukar sauti da amfilifaya da tsirkiya da hannun makaɗi su ne ke da rinjaye. Katako a can aikinsa ya riƙe komai daram, kuma kada ya karya kafaɗa.

Wuya

Nan ne ba a wasa. Tsirkiyar ƙarfe mai lamba 12, wato lambar kaurinta, tana jan wuya da nauyin kilo 70 zuwa 75, dare da rana. Ta gitar lantarki mai lamba 10 wajen kilo 45, ta roba wajen kilo 40. Mahoganin kudu ne na ɗaya a nan: yana sassaƙuwa cikin sauƙi, yana zama inda aka ajiye shi, kuma ba ya sa kan gita ya riƙa rinjaya ƙasa. Sapele ya fi shi tauri, wuya ne mai kyau, sai dai a lissafa ƙarin nauyi da wahalar sassaƙa. Maɗaci guntu ɗaya ban ba da shawararsa ba, sai in an samu wanda jijiyarsa ta miƙe ƙwarai. Inda yake da amfani shi ne a wuyan haɗi: a tsaga allo gida biyu, a juya ɗaya ta yadda layukan kansu za su fuskanci juna, a sa tsinken maɗaci ko na sapele mai kaurin milimita 6 zuwa 10 a tsakiya, a manne. Idan ɓari ɗaya ya so karkata dama, ɗayan yana ja hagu. Wannan dabarar ce kuma ke mayar da allon yankan kwance ya zama na tsaye, domin an kifa shi a gefensa.

Kafin a yanka, a tsaga ɗan guntu daga ƙarshen allon da gizago ko wuƙa a ga inda tsagar ta bi. Idan ta kauce fiye da santimita 1 a cikin 15, allon ba na wuya ba ne. Kan gita kuma kada a sassaƙo shi daga guntu ɗaya da wuya, saboda a lanƙwasar jijiya takan zama gajera, gita na faɗuwa nan take karyewa. A yanka a karkace, digiri 13 zuwa 15, a juya a manne. Ƙarfen cikin wuya, wato sandar da ake murɗawa don daidaita miƙewarsa, dole ne, kuma a nemi mai juyawa gaba da baya, domin a nan wuya yana tafiya ta fuska biyu: wata hanya a hunturu, wata a damina.

Jikin gitar lantarki

Kauri milimita 44 zuwa 45. Jiki irin na gitar Stratocaster bayan an yanke an fafe, katakonsa wajen lita 4 ne. Da mahoganin kudu zai yi kilo 2 da ɗan kai, da sapele kusan kilo 2.7, da maɗaci ya haura kilo 3. A ƙara wajen kilo 1 da rabi na wuya da ƙarafa. Wanda zai tsaya da ita a wurin biki daga bayan isha'i har tsakar dare ya san bambancin kilo 3 da rabi da kilo 4 da rabi. Idan maɗaci ne a hannu, a fafe ramuka a cikinsa nesa da layin tsakiya, a bar katanga mai kaurin santimita 1 da rabi a gefe, a rufe da allo mai kaurin milimita 6. Nauyi zai ragu sosai, kuma kyan launinsa yana nan.

Akwai wani da ake rainawa a cikin farin katako: afara, Terminalia superba. Shi ne Gibson ya kira korina, ya yi Flying V da Explorer da shi a 1958. Nauyinsa kusan na mahoganin kudu ne, yana da sauƙin aiki. Ƙwari suna sonsa, don haka a duba ƙananan huji da garin da ke zuba daga cikinsu. Kada a rikita shi da farin nan mara nauyi ƙwarai da ake kira obece ko samba, wanda allon awonmu bai kai kilo 4 ba. Wannan ba ya riƙe sukurun wuya da na jakin da tsirkiya ke hawa yadda ya kamata.

Baya da gefe

A gitar da ba ta lantarki ba, sapele mai yankan tsaye ya fi dacewa, don taurinsa da kyansa, shi ya sa kamfanonin Taylor da Martin suka daɗe suna amfani da shi. Baya milimita 2.3 zuwa 2.6, gefe milimita 2 zuwa 2.2. Mahoganin kudu a ɗan ƙara masa kauri kaɗan. Ana lanƙwasa gefe a kan bututun ƙarfe mai faɗin santimita 6 zuwa 8 da aka zafafa ta ciki, zafi wajen digiri 150 zuwa 170. In ba ma'auni, a ɗiga ruwa: ya tsaya yana tafasa, da saura, ya yi tsalle yana rawa a kan ƙarfen, ya yi. Ruwa kaɗan ake fesawa. Idan aka jiƙa sapele sharkaf, ratsinsa ya kumbura ba daidai ba, gefen ya fito da tudu da kwari. A tallafe bayan lanƙwasar da siririn farantin ƙarfe don kada jijiya ta tashi, amma a sa takarda tsakani, domin jiƙaƙƙen sapele idan ya taɓa baƙin ƙarfe yana yin baƙin tabo. A ƙugu ne ake yawan karya, a je a hankali.

Kada a yi baya da fuska shimfiɗe. A ba su ɗan tudu, baya kamar yanki na da'ira mai nisan mita 4 da rabi daga tsakiya, fuska mita 7 da rabi zuwa 8 da rabi. Wannan tudun shi ne ajiyar da allon zai ci idan ya tsuke, kafin ya kai ga tsagewa.

Ga mai saye kuma ba mai haɗawa ba, gaskiya ita ce gita mai baya da gefe na fale-falen katako hawa uku, da ake gani kamar ta masu ƙaramin ƙarfi, ta fi ta katako zalla jure yanayinmu, saboda kowane hawa ya gitta na ƙasansa yana hana shi motsi. Mai fuskar katako zalla da bayan fale-fale ita ce zaɓi mai hankali ga wanda zai riƙa yawo da ita tsakanin Damagaram da Tanut da Agadas.

Allon yatsu da jaki

Ba ɗaya daga cikin ukun nan da ya kai taurin da allon yatsu ke so. Farce da tsirkiya za su ci mahogani cikin ƴan shekaru. A waje baƙin eboni na Kamaru ake yabo, Diospyros crassiflora, har Taylor ya shiga mallakar wata masana'antar tsagarsa a Yawunde a 2011. Yana da kyau da santsi, amma yana cikin itatuwan da suka fi tsukewa: daga ɗanye zuwa bushewa ƙarƙaf yana rasa wajen kashi 8 a yankan tsaye, kashi 11 a kwance. Allon da aka yi a danshin masana'anta ya zo Damagaram zai tsuke kusan milimita 1 a faɗi, siraran ƙarafan da aka jera a kansa, inda ake danna tsirkiya, kuwa ba sa tsukewa, sai bakinsu ya fito yana yankar hannu. Wani lokaci allon kansa ya tsage.

Madobiya, Pterocarpus erinaceus, ta fi dacewa da mu nesa ba kusa ba. Nauyinta kilo 8 da rabi zuwa 9 a awonmu, tauri ya isa, tsukewarta a yankan tsaye kashi 3 da ɗan kai ne kawai. Da ita ake yin allunan balafon a Mali da Gini, saboda tana amsawa idan an buga. Guntun da ake buƙata ƙarami ne, santimita 50 a 7, kauri milimita 8 da za a share ya koma 6. Tunda an yi mata ɓarna sosai a yankin nan saboda fitar da ita waje, a nemi tsohuwa ko ragowar aikin kafinta. Kanya ƴar'uwar eboni ce, amma ba kasafai zuciyarta take yin baƙi ƙirin ba, kuma tana yawan tsagewa wajen bushewa. Kirya tana da tauri har ya yi yawa: tana dakushe siririn zarton da ke yanka ramin ƙarafa, mai faɗin milimita 0.6, kuma idan ramin ya matse, ƙarafan su tura wuya ya lanƙwashe baya. Ga jakin da tsirkiya ke hawa a fuskar gita, ana son gram 25 zuwa 35. Madobiya tana shiga wannan awo cikin sauƙi, kirya sai an rage mata jiki.

Busarwa da lokacin haɗi

Katakon da ya taso daga kudu yakan iso da ruwa a jiki, ko da bayansa ya bushe a hanya. Iskarmu tana busar da waje da sauri fiye da yadda ciki ke iya bi, shi ke kawo tsaga a kawuna. Ranar da aka sayo, a shafe kawunan biyu da narkakken kyandir ko fentin mai mai kauri. A jera a cikin ɗaki, ba a rana ba, ba kuma inda iskar hunturu ke bugawa kai tsaye ba. A ɗaga daga ƙasa saboda gara, a sa tsinkaye masu kaurin santimita 2 tsakanin allo da allo kowane santimita 40, kowanne daidai kan na ƙasansa, a ɗora nauyi a sama. A riƙa auna allo ɗaya kowane mako ana rubuta nauyin a jikinsa. Idan ya yi mako huɗu a cikin rani bai ragu ba, ya daidaita da iska. Duk da haka a bar shi ya ga hunturu guda cikakke, in da hali shekara. Bayan an yanka shi kusa da girman da ake so, a sake ba shi mako biyu ko uku, domin katako yakan motsa idan an buɗe cikinsa.

Hanya mafi gajarta ita ce tsohon kaya. Tsohuwar ƙofa ko gado ko tebur na jan katako da ya yi shekara ashirin a unguwar Birni ko Zango ya gama duk motsin da zai yi na farko. A cire ƙusoshi, a duba hujin ƙwari, a auna shi a san jinsinsa.

Lokacin manna matokarai da rufe akwatin gita yana da muhimmanci kamar katakon. Wadda aka rufe a Agusta tana cike da ruwa, Maris na zuwa ta tsage. Wadda aka rufe a tsakiyar Maris ba za ta tsage ba, amma a damina fuskarta za ta kumbura, tsirkiya ta yi sama, manni ya wahala. Kumburi ya fi tsaga sauƙin gyara, saboda haka a karkata wajen bushewa ba tare da an kai ƙarshenta ba: daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da danshin ɗaki ke wajen kashi 25 zuwa 35. Ƙaramin ma'aunin danshi mai batir ya isa a sani.

Gam ɗin roba na masu takalma da kujeru ba ya aiki a nan, yana saki a hankali ƙarƙashin jan tsirkiya. Farin gam na kafinta ma yana laushi da zafi, kuma motar da aka rufe a rana a watan Afrilu cikinta yana iya wuce digiri 60, inda jaki ke fara ɗagowa. A nemi gam ɗin katako mai ruwan ɗorawa irin Titebond na asali, ko gam ɗin fata da ake narkawa, wanda ba ya jan jiki da zafi muddin wurin a bushe yake. Dukkan ukun nan ƙofofinsu a buɗe suke, sai an cike su kafin a sa man sheƙi, in ba haka ba fuska ta fito da ƙananan ramuka. Garin sapele da na mahogani kuma yana sa wasu ƙaiƙayi da atishawa, a rufe hanci.

Gitar katako zalla da aka sayo daga waje, daga Nuwamba zuwa Mayu gidanta akwatinta ne. A jiƙa soso, a matse har ya daina ɗiga, a sa a robar sabulu da aka huhhuda, a ajiye a cikin akwatin kusa da kan gita, a riƙa sake jiƙawa duk kwana biyu ko uku. Alamun ƙishirwa suna zuwa a jere: bakin ƙarafa ya fara kartar hannu, tsirkiya ta sauka tana zuzz a kan allo, sannan fuska ta loɓa a bayan jaki. A mataki na biyu a sassauta tsirkiya a rufe ta da soso na mako guda. Bakin ƙarafan kuwa a bari sai Maris, lokacin da allon ya kai iyakar tsukewarsa, a rufe katakon da tef, a goge su da magagari mai laushi. Gugar da aka yi a wannan watan ba a cika sake ta ba.